Kumfar Baban Joyce

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Simeon a Gwadangaji, kuma gajeruwa ce, don haka ba sai wani ya ba ni labarin gidan ba. Tun da muka tare a unguwar nake shan ƙamshin gahawarsa kowace safiya. Mijina Abdussamadu yakan ce ƙamshin ya fi abin daɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Sau ɗaya na kurɓa, na kusa tofarwa a gaban mai gida.

"Baban Joyce, wanga abu naka ɗaci garai awa maɗaci," na ce masa. "Mi kaka ji cikinai?"

Ya yi dariya ya ce, "Maman Nuriyya, ba ki iya sha ba ne."

Na ce Allah ya sa kar in iya.

Simeon mutumin Filato ne, daga wajen Pankshin. Yana saurayi ya biyo wani kamfanin Turawan Italiya da ya yi aikin hanya a gefen Argungu, shi ne mai dafa musu abinci. A wurinsu ya koyi haɗa irin gahawar nan da suke kira esfireso, wadda ake matse tafasasshen ruwa da ƙarfi ta cikin garin gahawa, ta tsiyayo baƙa wuluk a ɗan finjali, da kumfa mai launin zuma a samanta. Da kamfanin ya tattara ya tafi, babbansu ya bar masa injin. Wani ɗan ƙarfe ne mai sheƙi, da dogon hannu kamar na famfon burtsatse. Simeon ya koma dafa abinci a wani otal a Birnin Kebbi har ƙarfi ya ƙare, amma injin nan bai taɓa kwana da ƙura ba.

A Argungun ya samu matarsa Sara. Ta zo wurin gwaggonta ne, ita ke kai ƙwai kicin ɗin kamfanin. Ita da bakinta ta ba ni labarin muna tsinkar zogale. Wai ya ga yarinya kyakkyawa, ya rasa abin burgewa, sai ya haɗa mata abin Turawa. Ta kurɓa ta yamutsa fuska. Amma don kar ta kunyata shi, sai ta ɗauki ƙaramin cokali ta kwashe kumfar saman ta lashe, ta tura masa sauran ta ce, "Kuku, ka yi ƙoƙari."

Haka suka zauna har furfura. Kowace safiya shi ya haɗa, ita ta kwashe kumfa, shi ya shanye ɗacin. A gaban mutane Baban Joyce take ce masa kamar kowa, amma a kan finjalin nan Kuku ne. Na sha yi mata tsiya cewa ta iya zaɓen rabo, ta ɗauke maiƙo ta bar wa bawan Allah wahala. Takan ce ai aure ke nan.

Ciwon ya shigo a hankali. Ta sa gishiri a miya, ta manta, ta sake sawa. Ta ajiye makulli a cikin tukunya. Wata rana mai keke napep ya dawo da ita daga kasuwa, ya ce ya same ta tsaye tana tambayar hanyar Argungu, sai da wata mai kayan miya ta gane ta. A asibiti aka ce ciwon mantuwa ne, ba shi da magani, sai lallashi. 'Ya'yansu, Joyce da ke Jos da Raphael da ke Abuja, suka so su ɗauke su. Simeon ya ƙi. Ya ce ko ba komai ta san tsakar gidan nan, ta san inda randa take.

Ni nake shiga da safe in taya shi yi mata wanka da ɗaurin zane, tunda akwai abin da mace ta fi iyawa. Ni ma ta daina sanina, amma wannan bai dame ni ba kamar ranar da na ga ta gyara ɗankwali a gaban mijinta, ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Mai gidan ya fita." Simeon ya amsa gaisuwar kamar baƙo. Ya shiga kicin ya daɗe bai fito ba. Wallahi ranar na yi kuka a gidana har Nuriyya ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Sai dai ba kullum ba ne. Wata safiyar zai ajiye mata finjali da cokali, ta dubi kumfar, hannunta ya tafi da kansa, ta kwasa ta lasa, ta ɗaga kai ta ce, "Kuku, ka yi ƙoƙari." Daga nan har hantsi matarsa ce. Za ta tambayi yara, ta yi masa faɗan rigar da bai goge ba. Wata safiyar kuma ta kalli finjalin kamar ba ta taɓa ganin irinsa ba.

To shi Simeon sai ya ce ya gano bakin zaren. Wai ranar da kumfa ta yi kauri ta zauna, ranar take gane shi. Ranar da ta fito sirara, ko ta watse kafin ya kai mata, ranar shi Malam ne. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Tun daga nan dattijon nan bai da wani aiki a duniya sai neman kumfar da za ta riƙa zuwa iri ɗaya kowace rana.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ni da ban iya shan abin ba, yau in kika tsayar da ni sai in yi miki karatu a kansa. Na san ƙwayar da ta daɗe ba ta kumfa, kuma zafin Kebbi ba ya barin ƙwaya ta yi kwana da ranta. Shi ya sa ya daina sayen ta gwangwani, Joyce ta riƙa aiko masa da ɗanya daga Jos a motar haya, yana soyawa da kansa a kasko. Na san wadda aka soya yau ba a haɗa ta yau, kumfarta fankam fayau ce, ta taso ta faɗi, sai ta ɗan huta tukuna. Na san yana zuba ta a kwalba ya toshe, ya binne kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Na san niƙa shi ne uwa uba. In garin ya yi tsaki-tsaki ruwa ya wuce da gudu, ba kumfa. In ya yi laushi da yawa hannun injin ya ƙi sauka, abin da zai ɗigo ƙonanne ne. Ga dannawa, da wani ɗan katako da masassaƙi ya yi masa, dole ta zama daidai ba karkace ba. Ga ɗuma finjali da ruwan zafi. In an ɗauke wuta, ya tada janareto saboda abin da bai kai cikin ludayi ba.

Duk da haka yau ta yi, gobe ta ƙi. Tsohon abin niƙansa na hannu ne, haƙoransa sun cinye, rabin gari rabin tsaki yake fitarwa. Da damina iska ta yi nauyi, lissafin ya sake rikicewa. Har ruwa sai da ya zarga. Ya sa Abdussamadu ya ɗebo masa na wata rijiya a Zauro, inda muke noman shinkafa, ya gwada ya ce ba shi ba ne. Ranar da Sara ta ce masa Malam, zan same shi yana juya gari a tafin hannu yana cewa, "Niƙan ne. Gobe zan ƙara matse shi kaɗan." Ya kwana da abin da zai gyara, ya tashi da ƙarfinsa.

Ni kuwa ina da ido. Na ga ranar da kumfa ta yi kyau ba ta gane shi ba, ya ce finjalin ne ya huce. Na ga ranar da ta fito ba yabo ba fallasa ta kira shi Kuku, ya ce ai ta fi yadda nake gani kauri. Bakina ba ya riƙe magana. Wata safiya ya zubar da finjali na ba-adadi, Sara na zaune ba ta karya ba, raina ya ɓaci.

"Baban Joyce, ka ji tsoron Allah," na ce. "Ciwo na cikin kai, ba cikin kumhwa ba. Ba ta kunu ta sha, ka bar wahal da kanka."

Bai yi fushi ba. Ya goge hannun injin da tsumma ya ce, "Maman Nuriyya, likita ya ce ba abin da zan iya yi. Wannan kuwa ina iyawa."

Na ɗauki kofin kunu na ba ta da kaina.

Da Kirsimeti Joyce ta zo da sabon abin niƙa, mai nauyi, wanda ake saita shi ya tsaya inda aka sa shi. Ta kawo kuma wata ƙwaya ta kudu, ta ce in ana haɗa kaɗan da ta Filato kumfa ta fi kauri. Yarinyar ta yi ne don ta faranta wa ubanta, Allah ya yi mata albarka. Kuma abin ya yi. Kafin ta koma Jos, Simeon ya samu abin da ya daɗe yana nema. Kumfa ta riƙa zuwa lub, mai kauri, launin zuma, yau kamar jiya. Ya kira ni ya barbaɗa sukari a kai, sukarin ya zauna ya ɗan jima kafin ya nutse. Fuskarsa ranar kamar an yi masa albishir da jika.

A makon farko ta kira shi Kuku, har ya leƙo ta katanga yana faɗa mana. Daga nan shiru. Kullum kumfa cikakkiya, kullum Sara ta gyara ɗankwali ta gaida Malam. Cokalin ma ta daina ɗauka. Wani lokacin ta tura masa finjalin da ladabi ta ce baƙo ya fara.

Na ga mutumin nan yana ramewa a tsaye. Da can in ta ƙi gane shi yana da wanda zai kama da laifi, ko ƙwaya, ko niƙa, ko damina. Yanzu ya duba finjalin ta kowane gefe, babu abin gyarawa. Zai zauna kusa da ita ya zuba wa kumfar ido har ta huce a banza. Ya daina zuwa majalisar ƙofar gidanmu. Abdussamadu ya kai masa kifin Argungu, wanda da yake rawar jiki a kansa, washegari na ga miyar a rufe ba a taɓa ba. Ran Lahadi ma sai da mutanen cocinsu suka biyo sawu. Tausayinsa ya hana ni sakat, kuma ban san da wane baki zan ba shi haƙuri ba.

Ana cikin haka, wata safiya na shiga da wuri da zanen Sara da na wanke. Yana kicin, ya ba ƙofa baya, bai ji shigowata ba. Na ga ya kama saitin sabon abin niƙan, wanda ya hana kowa taɓawa, ya murɗa shi baya da gangan. Ya niƙa, garin ya fito da tsaki. Ya zuba, ya ɗora ɗan katakon a karkace, ya danna gefe ɗaya. Hannun da ya yi shekaru yana wannan aiki ba ya irin wannan kuskure. Ya ja hannun injin, ruwa ya zubo da gudu, baƙi, da ɗan fari-fari a gefe wanda ya watse tun kafin ya fito tsakar gida.

Ya ajiye a gabanta da cokali. Sara ta gyara ɗankwali ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Sai a lokacin ya waiwayo ya gan ni. Muka dubi juna. Ya san na gani. Ya ɗaga finjalin ya nuna mini.

"Kin gani ko, Maman Nuriyya? Yau kumfar ba ta yi ba. Shi ya sa."

Na dubi finjalin da kyau, kamar mai nazari.

"Gaskiya ne, Baban Joyce," na ce. "Niƙan na. Gobe ka ƙara matse shi kaɗan."