Hoton Gonar da Ya Ƙi Buɗuwa

Wani dattijo yana tsaye a bayan mai shagon kwamfuta, ya ƙi kujerar da ta tura masa. Rigarsa ta sha guga, amma tafin hannunsa duk kanta ne. Ya kawo filashi daga ofishin safiyo, ɗauke da hoton gonarsa da aka ɗauka daga sama. Alƙali yana jiransa yau kan shari'ar iyakar gonar.

Hoton ya ƙi buɗuwa.

"Baba, wata irin matsewa aka yi masa, manhajata ba ta san irinsa ba. Bari in sauko da wata."

"Ki yi wa Allah, 'yata."

Tana satar kallonsa. Da ɗan'uwa yake shari'ar nan, ta raya a ranta. Bare ba ya sa leɓen mutum rawa haka.

Can hoton ya fito, dishi-dishi da farko, yana washewa kaɗan-kaɗan. Dattijon ya matso, yana bin jan layin iyaka da yatsa, yana ta faɗin "rijiyata" ƙasa-ƙasa. Yatsan ya tsaya cak. Rijiyar tana can tsallaken layin, ba cikin gonarsa ba.

Ya janye yatsan a hankali.

"In buga, Baba?"

Ya gyara zaman hularsa. "Buga shi yadda yake."