Mai Tura Duwatsun Kaburbura

Shekara talatin da ɗaya Wilfred Garside yana kula da maƙabartar tsohon cocin ƙauyensu. Aikin dai yankan ciyawa ne da sharar ganye, sai guda ɗaya da ya ja masa baƙin jini. Duk shekara in sanyi ya wuce, yakan bi duwatsun kaburbura ɗaya bayan ɗaya, ya dafa ya tura. Wanda ya motsa sai a kwantar da shi, kada ya faɗo wa wani. Wilfred ba ya jin magiya. Tun da ya kwantar da na Harold, mijin Edna Thwaite, matar ba ta ƙara gaishe shi ba.

Dutsen kabarin danginsu yana gindin katanga, dogo, ya haura shekara ɗari biyu. Sunayen kakanninsa ne aka sassaƙa a jere, na matarsa Muriel a ƙasa, da ɗan filin da aka bar masa. Nan yake zuwa a ƙarshe, kuma maganar gaskiya shafa shi yake yi, ba turawa ba.

Bana yana ɗora hannu sai ya ji muryar Edna a bayansa.

"Wannan turawa ce ko gaisuwa? Na Harold da kafaɗa ka bi shi."

"Kama gabanki, Edna."

"Ina nan daram. Tura mana, sarkin gaskiya."

Ya tura. Dutsen ya yi baya ya dawo, ƙasa ta tsage a gindinsa. Ba wanda ya gani sai tsohuwar da kowa ya san tana ƙullace da shi. Da ya musa, shi za a gaskata. Bai musa ba. Washegari maza huɗu suka taya shi kwantar da dutsen.

Abin ya ci shi ƙwarai. Da aka yi ruwa ya zo dubawa, sai ya tarar sunan Muriel ya cika da ruwa da ruɓaɓɓen ganye. Duk shekarun nan bai taɓa lura haka kwantaccen dutse ke yi ba. Ya durƙusa yana gogewa da hankici, sai ga Edna ta miƙo masa burushinta.

"Kullum da safe," in ji ta. "In ka tsallake, ruwan ya daskare, ƙanƙara ta cinye sunan. Shekara tara ke nan ina goge na Harold."