Hasana Mai Abinci da Ƙuri'ar Watan Yuli

Duk wanda ya taɓa cin shinkafa da wake a layin shagunan da ke bayan tashar Utako ya san Hasana. Ita ce mai teburin ƙarƙashin darbejiya, wadda ke zabga maka yaji ba tare da ta tambaye ka ba, in ka yi ƙorafi ta ce ai ba asibiti ka zo ba. Mijinta ne ya kawo ta Abuja daga Ɗanja, yana aikin gadi. Da ya rasu dangi suka ce ta koma gida, ta ce tana da yara uku a makaranta a Kurudu, ba inda za ta. Shekara goma sha huɗu ke nan teburin nan ke riƙe da su. Ni kuwa shekara shida ina cin abincinta, don haka in kun ji na karkata wajenta, to na karkata ɗin.

Layin na da ƙungiya guda da ta haɗa masu shaguna da 'yan tebur: masu lemo, masu gyaran takalmi, masu cajin waya, har da masu baro. Kowa da katinsa, kowa da ƙuri'arsa ɗaya. Shugaban shi ne Alhaji Abdulmajeed, tsohon darakta a wata ma'aikatar tarayya, wanda ya buɗe shagon kayan wuta da ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba, sai dai yana son takarda so mai tsanani. Ko gaisuwa ce, da zai samu a rubuce da ya fi jin daɗi.

Masu shaguna sun daɗe suna kukan kwastomominsu ba sa samun wurin ajiye mota. Sai aka kawo shawarar a kwashe tebura daga gaba a mai da su baya, bakin kwata, inda ba mai cin abinci sai ƙuda. Alhaji ya ce ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba, a kaɗa ƙuri'a. Ya duba kalanda ya ga taron tsakiyar shekara ya faɗo Asabar ta biyu a watan Yuli, ya sa ranar. Aka kaɗa, aka ƙirga: sittin da uku suka ce a kwashe, sittin suka ce a bari.

Hasana ba ta yi kuka ba, haushi ne ya hana ta. Ranar Litinin ta shiga shagon Alhaji riƙe da tukwane biyu, babba da ƙarama, ta dire su a gabansa. Ta ce babbar take ɗorawa da rani, ƙaramar kuma tun saukar ruwan farko. Ta tambaye shi ko ya san inda masu cinye bambancin suka tafi. Suna gona. Kusan mutum arba'in cikin 'yan tebur 'yan cirani ne, duk shekara suna komawa gida noma, ba sa dawowa sai an kai amfani rumbu.

Alhaji ya jawo kundin ƙungiya. Ya ce an manna sanarwa kwana ashirin da ɗaya, an tura ta waya, ba layin da aka tsallake. Ya ce in duk wanda ya sha kaye zai ce a sake, to har tashin duniya ana kan layi. Ni da nake tsaye ina sayen ƙwan lantarki na san maganarsa ba ƙarya a ciki.

"Alhaji, ba kayar da su aka yi ba, ba sa nan ne," in ji Hasana. "Kai ma ɗan manomi ne. Wa ka taɓa gani ya bar ciyawa a gona ya hau mota zuwa Abuja saboda takarda?"

Alhaji ya rufe kundin. Shekara talatin a ofis ta sa shekararsa na farawa a Janairu tana ƙarewa a Disamba, ya manta akwai mutanen da tasu ke tafiya da ruwan sama. Duk da haka bai amince ba sai da Madam Felicity mai shagon atamfa, wadda ta zaɓi a kwashe, ta leƙo daga maƙwabta.

"Oga chairman, ni na yi vote a kwashe, kuma zan ƙara yi. Amma wannan mata yana da gaskiya. Mutum arba'in ba ya nan, mu mun ci da uku. Ni ba na so irin wannan ci."

Alhaji ya yarda a sake ƙuri'ar, tebura su zauna inda suke kafin nan, amma da sharaɗi. Sau ɗaya za a sake, Asabar ta ƙarshe a Nuwamba bayan an gama girbi, kuma duk abin da ya fito, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ke nan. Ya rubuta, ba sai na faɗa muku ba, Hasana ta dangwala yatsa.

Ba ta da tabbacin komai. Cikin waɗanda suka dawo akwai masu yi wa masu shaguna dako, ba sa son ɓata wa iyayen gidansu rai, su ma masu shagunan wannan karon ba wanda ya yi zamansa a gida. Ranar ƙuri'a Hasana ba ta ɗora tukunya ba. Ta ɗaure kayanta kaf ta loda a baron Ɗangoggo, wani dattijo mai dako da ya dawo daga Gumel kwana uku kafin nan, ta ce in aka kayar da ita a gaban kowa za ta koma bakin kwata, kada wani ya ce sai da aka kore ta.

Aka ƙirga sau biyu. Tamanin da uku suka ce a bari, tamanin da ɗaya suka ce a kwashe. Nan take Zaid mai shagon waya ya miƙe ya ce tazarar biyu ce kawai, ta ma fi ta farko ƙanƙanta, don haka a yi ta uku. Wasu suka fara gyaɗa kai. Alhaji, wanda shi ma ɓangarensa ne ya faɗi, ya cire tabarau ya dubi taron.

"Wa ba ya nan yau? A faɗa mini sunansa."

Ba wanda ya ambaci kowa.

"To an gama."

Na yi murna har na ji kunyar kaina, babban mutum da katin ofis a wuya yana tsalle a bakin tasha. Hasana kuwa ta rufe fuska da gefen mayafi na ɗan lokaci. Da ta buɗe sai ta juya wajen Ɗangoggo, wanda ke riƙe da baro tun safe yana jiran umarni. Ya tambaye ta ina za a kai kayan.

"Inda ka ɗauke su, Baba. Ka fara sauke murhu, mutane ba su ci komai ba."