Gwajin Minti Ɗaya

A layin masu kayan lantarki, Baba Mai Waya ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana gyaran talabijin, tun tana da ƙusumbi, sai mutum biyu sun kama. Da ta koma falle kamar allo, gyara ya mutu, ya shiga sayar da wayoyin haɗa na'urar wasa da talabijin.

Yana da ƙa'ida. Ba ya miƙa waya sai ya jona ta, mai saye ya ga hoto da idonsa. Minti ɗaya. Abin da ba ya faɗa shi ne, masu arahar da ke kwalin ƙarƙashin tebur sai sun ɗauki zafi hoto ke fara rawa, kuma minti ɗaya ba ya isa.

Daga kwalin nan ya ba wata tela. Mijinta direba ne, hatsari ya kwantar da shi, ƙwallon na'ura kaɗai ke rage masa yini.

Bayan mako ta dawo. "Baba, hoton sai karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ko talabijin ɗin ce ta tsufa?"

Ga masu saye biyu tsaye suna ji. Ya ce, "Tsufa ba ya barin kowa, 'yata."

Kwana huɗu maganar tana cin ransa. Ran na biyar ya ɗauki waya mai kyau, ya yi tambaya har gidan. Sabuwar talabijin ya tarar a bango, ita ma hotonta na rawa. Ya canja waya, hoto ya tsaya cak.

Direban ya ƙyalƙyale da dariya daga kan katifa. "Kin gani? Hannun tsoho daban ne!"

Idon Baba yana gindin taga, inda sawu huɗu suka yi fari a siminti.

"Keken ɗinkin fa, 'yata?"

"Ai shi ne a bango, Baba."

Ya ce, "Ta dā lafiyarta ƙalau. Wayata ce. Kuma na sani tun ranar da kika zo."

Ta raka shi har ƙofa, amma ba ta ce ya gaida gida ba.

Yanzu akwai benci a shagonsa. Duk mai sayen waya sai ya zauna rabin awa. Suna ƙorafi, shi kuwa ba ya ɗauke ido daga hoton.