Masai Mai Kallon Gabas

Ni magini ne, Lawan sunana, kuma zanen mutum ɗaya na yarda da shi a duk Tarauni: na Madam Asabe. 'Yar Kagoro ce, ta zo Kano da ƙuruciya, ta yi shekara ashirin da biyu tana zanen gidaje a ofishin Oga Obiajulu a Gyadi-Gyadi. In layi ya karkace, reza take sawa ta kankare tawadar, ta hure, ta ci gaba. A coci take ibada, amma ta fi wasu alhazai sanin inda zaure ya kamata ya kalla.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, aiki ya ɓarke. Kowane sabon kansila gida yake so. Oga ya sayo kwamfuta, ya ce wa Asabe wata uku ya ba ta, ko ta iya ko ta ba wani kujera. Ta iya, ta kuma iya da fushi, yatsa biyu tana dukan maɓallai kamar sun zage ta.

Sai ga aikin Hajiya Uwani a Darmanawa. Asabe tana zanen a kwamfuta, ta gwada juya masai ta ga ko kicin zai ƙara faɗi. Ta matso da zanen kusa, ta ja shi gefe, ta duba, bai yi mata ba. Ta danna maɓallin warwarewa, mai soke aikin ƙarshe da aka yi, sau biyu. Zanen ya yi tsalle ya koma nesa yadda yake da fari, ta ɗauka shi ke nan. Ashe na'urar nan marar kunya har matsowa da ja gefe tana lissafa su cikin aiki. Kallon kawai ta warware, masai yana nan a juye.

Ni kuma na karɓi takarda na gina, har tsayin bulo bakwai. Ban duba ba, don hannun Asabe ne. Hajiya ta zo zagaye, ta tsaya a bakin ƙofar masai, ta dubi rana.

"Malam Lawan, gabas za mu riƙa fuskanta in mun tsuguna? A gidana?"

Kunya ta kama ni har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari Hajiya ta taso ni gaba har ofis. Labari ya kai can tun jiya, Oga ya riga ya rubuta takardar sallama, ya ajiye a teburin Asabe. Ya ce kwamfuta ba ta kuskure, tsufa ne, kuma bai ce laifi ba ne mutum ya tsufa. Raina ya ɓaci matuƙa. Matar da ta zana rabin gidajen Unguwar Gano!

Asabe ko kallon takardar ba ta yi ba. Ta miƙe, ta jawo masa kujerar.

"Oga, zauna. Ja layi ɗaya."

Ya zauna yana murmushi, ya ja.

"Matso da shi. Ja gefe. To, warware sau biyu. Ya fita?"

"Ya fita mana," in ji shi.

Ta sa yatsa a gilashin kwamfutar. Layin yana nan, siriri, a kusurwa. Hajiya ta leƙa, ta ce, "Ikon Allah, kai ma ka tsufa ke nan."

Daga nan Asabe ta nuna abin da ta wuni jiya tana yi. Ta ba kowane sashe na gidan suna ta adana kallonsa: zaure, kicin, ɗakin Hajiya, masai. In ta warware, komai nisan da zanen ya gudu, sai ta kira sunan wurin ya dawo gabanta, ta ga da idonta abin ya goge ko bai goge ba. Ba ta ƙara yarda da tsallen gilashi.

"Masai ni na juya shi, ban ce ba ni ba ce," ta ce. "Amma kujerar nan ba na barin ta don na'ura ba ta san bambancin kallo da aiki ba. In kana so in tafi, kira 'yan sanda su ɗauke ni da ita."

Oga ya miƙa hannu a hankali zai janye takardar ya sa aljihu. Ta danne ta da tafin hannu.

"A'a. A gaban mutane ka rubuta ni tsohuwa, a gabansu za ka yaga."

Ya dubi Hajiya, Hajiya ta dubi silin. Ya yaga biyu, Asabe ta ce bai isa ba, ya ƙara.

Sannan ta gyara ɗankwali, ta juyo gare ni.

"Malam Lawan, guduma tana wurin ginin? Mu je. Bulon farko ni zan fasa."