Sunan da Ke Bayan Hoton

Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai na safe na sauke koko, na kai wa maigidana soro. Baduku ne, a gindin Dala muke, gidan gado. Na tarar yana yankan fata yana mitar wuƙarsa ta dakushe. Na ce ai duk wuƙar da ta shiga hannunsa sai ta koka. Ya yi dariya. Hirarmu ta ƙarshe ke nan, a kan wuƙa.

Dole in gaya muku wace ce Ladi. Baturiya ce 'yar Amurka, mai ɗaukar hoto. Ranar Lahadi ta fara shigowa unguwarmu, shi ya sa muka laƙaba mata sunan. Ta ce ta daɗe tana bin ƙasashen da ake yaƙi tana ɗaukar gawarwaki har ta gaji, yanzu hannun masu sana'a take so. Shekara huɗu tana haya a bayan masallacinmu. Tuwo da hannu take ci, Hausarta kuwa sai haƙuri. Tana da ɗabi'a ɗaya: duk hoton da ta wanke, sai ta rubuta sunan mutum da na ubansa a baya. Wai hoton da ba suna sata ne. Mun yaba mata a lokacin, wallahi mun yaba.

Tara da kwata na ji babura uku sun shigo lungu. Sai harbi biyu daga bayan masallaci. Tattabarun maƙwabta suka tashi. Maigida ya shigo ya sa sakata, ya ce in ɗauki Zainabu, 'yarmu mai shekara biyar, mu shiga ɗaki.

Maharan ba su ɓalle ƙofar kowa ba, abin da yake cin raina ke nan har gobe. Akwatin hotunan Ladi suka ɗauko, suka riƙa bi gida-gida suna sallama kamar masu rabon goron ɗaurin aure. Wai duk wanda ke ciki ɗan leƙen asirin Turawa ne. Ɗayansu ya juya hoto ya karanta, ya ɗaga murya. A garin nan wa za a yi wa sallama da sunan ubansa ya ƙi fitowa? Malam Habu marini ya amsa. Na ji ƙarar sakatarsa. Harbi ɗaya. Sai gidan Ɗanlami maƙeri. Harbi ɗaya.

Maigida ya ce in kwantar da hankalina. Shi hannunsa kawai Ladi ta ɗauka, babu fuska, kuma da ta tambayi sunansa hana ta ya yi, ya ce ta rubuta baduku ya isa.

Bai san ranar ta biyo ni madafa tana lallashi ba. Na ce mata mace ba ta faɗar sunan mijinta, ta ce to in raɗa mata a kunne. Muna ta ƙyaƙyata dariya na raɗa. Shekara goma sha ɗaya da aure, ban taɓa furta shi ba sai ranar, don wasa.

Goma saura minti biyar aka buga mana ƙofa.

"Ana sallama da Yakubu ɗan Malam Ilu!"

Ya juyo ya kalle ni. Bai tambaye ni ba. Da ma ya tambaya, da ma ya zage ni.

"Fito, ko mu shigo!"

Ba zai bari ƙattin banza su taka cikin gida inda mata suke ba. Ya ɗaga Zainabu ya ɗora ta kan katangar baya, ya sunkuya na taka gadon bayansa na haye. Ina dira gidan maƙwabta na ji ya zare sakata, ya amsa sallamar a cike, har da wa barakatuhu. Harbi biyu.

Na goya yarinya na yi ta gudu ba takalmi, ba mayafi. Lungu ya kai ni lungu. Mata na ta fitowa da tukwane da jarirai, ba mai yi wa wata magana. Na taka kwalba ban ji ba. Goma da rabi muka isa Ƙofar Mazugal. Wani mai adaidaita sahu ya kwashe mu mu tara, ya sauke ni gidan yayata a Kurna. A can aka cire min kwalbar.

Ban koma ba sai bayan sadakar uku. An riga an wanke soron. Aka gaya min harbi biyun farko na Ladi ne, a bakin ƙofarta, ta rungume akwatin ta ƙi saki. Mutanenta suka zo suka tafi da gawarta.

Bayan la'asar ɗin Talatar aka sallaci na lungunmu a jere: marini, maƙeri, masaƙa biyu, da baban Zainabu. Idan aka tambaye ni mutum nawa muka rasa, biyar nake cewa. Ranar da zuciyata ta ɗan yi sanyi, nakan ce shida.