Ranar da Aka Saka Waƙata a Jami'a

Ni da ɗan kawuna tare muka yi firamare a Sharaɗa, kuma duk ajin an san ni nake rubuta masa insha'i. Amma shi ya wuce har jami'a yana karanta Hausa, ni kuwa na ƙare a ɗakin rini na wata masaƙa, hannuwana shuɗi kamar na tsoma su a tawada. "A ce Hausa mutum zai je jami'a ya karanta!" Haka nake tsokanarsa a gaban mutane. A zuci kuwa ƙyashi ne tsagwaronsa.

Lokacin hutun rana nakan yi waƙa. Akwai wadda na yi wa helumanmu, shugaban leburori, wanda agogonsa na shiga aiki ba ya kuskure, na tashi kuwa kullum a lalace. Duk ɗakin rini an haddace ta.

Wata rana ɗan kawun nawa ya zo a kan keke da rikoda a rataye, wai malamansu sun ce kowa ya je ya tattaro waƙoƙin baka. Na rera masa ita a bayan katangar kamfani, kusa da mai shinkafa da wake. Ina gamawa ya zaro biro.

"Yaya, zan rubuta sunanka a ƙasa."

"Rufa mini asiri! Heluma ya ji, aikina ya ƙare. Rantse ba za ka faɗa wa kowa ba."

Ya rantse.

Bayan wasu watanni ya gayyace ni makon al'adu na sashensu. Ran Asabar ɗin da za a yi taron na dirje hannuwana da soso har suka yi zafi, rinin ko gezau bai yi ba. Na zauna can baya. Ɗakin taro cike da ɗalibai, malamai a gaba da manyan riguna. Ɗan kawun nawa kuma ya hau dandamali ya danna kaset.

Muryata ta cika ɗakin. Aka yi ta dariya, wasu har da buga tebur. Sai ya shiga fashin baƙi, yana kiran sunayen salo iri-iri da ni mai waƙar ban san na yi ba, ana ta gyaɗa masa kai. Wallahi ji nake kamar in tashi in ƙwace rikodar.

Wani dattijon farfesa ya miƙe ya ce, "Wane ne mai waƙar nan? Irinsa ya kamata mu kawo nan ya rera mana da bakinsa."

Ɗan kawuna ya dube ni ido cikin ido. A raina roƙonsa nake yi ya karya rantsuwar nan. Me zai kawo heluma jami'a?

"Allah ya gafarta Malam," in ji shi, "wani ma'aikaci ne, ya nemi a sakaya sunansa."

Ɗaga hannu kawai zan yi. Na dubi shuɗin hannun nan, na dubi na mutanen da ke gefena, sai na cusa shi a aljihu. Aka tafa masa, aka daɗe ana tafawa.

A hanyar gida ya goyo ni a keke, yana ta fara'a.

"Yaya, ka ga dai na riƙe amana."

"Ka riƙe," na ce.

Ban taɓa jin haushin mai cika alkawari kamar ranar ba.